Kwalabe Shida a Gwangwani

Wata ranar Laraba da hantsi, Huseina na durƙushe a ɗakin bayan kemis ɗin mijinta tana gyara lagwanin firij. Firij ne mai kananzir, irin wanda sai an leƙa ƙarƙashinsa an ga wutar ta yi shuɗi kafin hankali ya kwanta. Duk Birnin Gwari babu irinsa a lokacin. Mijinta Salmanu ya shigo ta ƙofar tsakar gida yana ɗaura agogo, ya tsaya a kanta yana kallo.

"Ni fa na rasa wanda aka fi ji da shi a gidan nan, ni ko firij."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai in ka ɗau zafi kana hucewa, Malam. Abin da ke cikin nan kuwa in ya ɗau zafi ya mutu ke nan. Ai kai ka koya mini."

Ya yi dariya, don gaskiya ta faɗa. Allurar sarar maciji ce a ciki, 'yan ƙananan kwalabe shida. Ƙasar nan bakin daji ce, kuma da kaka ta yi, kububuwa kan kwanta a ƙarƙashin kara ta jira hannun manomi. Asibiti mafi kusa sai Kaduna. Tun suna amarci Salmanu ya nuna mata yadda ake ɗaga kwalbar a haske: in ruwan ya fito garau, magani na nan da ransa, in ya yi duhu-duhu da ɗan gari-gari na yawo a ciki, to sai zubarwa.

Salmanu haɗa magunguna ya karanta a Zariya, ya yi 'yan shekaru yana aikin gwamnati, sannan ya dawo gida ya buɗe nasa. Mutanen gari ba ruwansu da wannan dogon bayani, Likita suke ce masa. A kasuwar Kuyello ya fara ganin Huseina, ta rako mahaifinta Malam Abarshi sayen maganin ido. Ta ɗauki kwalbar ta karanta rubutun jikinta tsaf ba gargada, domin tsohon ya bar ta ta yi elementare. Daga ranar nan Salmanu ya riƙa samun dalilin zuwa Kuyello fiye da yadda ciwon idon Kuyello ya buƙata. Malam Abarshi ya ba shi ita da farin ciki, yana faɗa wa kowa ya samu suruki mai magana ɗaya. Shekara huɗu suka yi, ita ke wanke kwalabe, ita ke kula da firij, matan gari kuma ta cikin gida suke biyowa su faɗa mata abin da suke kunyar faɗa wa namiji. Ba a taɓa jin kansu ba.

Ran nan da azahar sai ga landirobar jam'iyya a ƙofar gida. Manyan gari ne, sun zo roƙon Salmanu ya tsaya musu takarar majalisar wakilai ta Ikko, suka ce babu gidan da bai taɓa shan maganinsa ba, don haka babu gidan da zai hana shi ƙuri'a. Da suka tafi ya shigo fuskarsa na walƙiya. Ya ce mata daga Ikko zai iya jawo asibiti sukutum zuwa Birnin Gwari, a daina kwasar mutane a bayan gingimari zuwa Kaduna. Ta yi murna har cikin ranta. Abu ɗaya ta tambaya, wa zai riƙe kemis, ya ce ai ba sai an faɗa ba, ita ce.

An yi zaɓe ƙarshen shekarar 1964, ya ci da rinjaye. Sai dai maganar kemis ba a ɗakin mata da miji aka yanke ta ba, a ɗakin mahaifiyarsa Inna Asibi aka yanke. Inna na da wani tsohon miki a zuciya. Lokacin da hakimi ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai boko, ita da kanta ta ɓoye babban ɗanta Nababa a rumbu, ta miƙa Salmanu ƙarami, domin a wancan zamani wanda aka kai boko an ɗauka an yi asararsa. Sai duniya ta juya: wanda aka sadaukar ya zama Likita, wanda aka tsirar ya tsufa da fartanya. Inna ba ta taɓa yafe wa kanta ba, kuma Salmanu bai taɓa iya haɗa ido da yayansa ba tare da jin nauyi ba. Don haka da ta ce a ba Nababa makulli, ta ƙara da cewa matar Onarabul ta wuce wanke kwalabe, sai kawai ya sunkuyar da kai ya ce to. A ɗaki ya lallashi Huseina, ya ce Yaya ƙwayar ciwon kai da man zafi kaɗai zai sayar, firij kuma yana hannunta. Washegari ya bi mota zuwa Kaduna, ya hau jirgin ƙasa.

Wata uku aka yi lafiya. Da bazara ta kankama, aka ce manyan jam'iyya za su zo mitin daga Kaduna, kuma a zauren gidan Onarabul za su sauka. Nababa ya ga bai kamata a ba irin waɗannan baƙi ruwan randa ba alhali ga injin sanyi yana zaman banza. Ya kira ƙarti huɗu suka ciccibi firij zuwa zaure, aka cika shi da lemo. Kwalaben nan shida kuwa ya jera su a gwangwanin biskit, ya ɗora can saman kanta, dab da kwanon rufi. Baƙi suka sha suka yaba, suka tafi, firij bai koma ba. Zauren ya zama majalisar Nababa, kowa na son ya ce ya sha ruwan sanyi a gidan Onarabul.

Huseina ta same shi ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a hankali. Nababa ba mugu ba ne, sai dai abin da ya sani ya sani. Ya ce tun kaka da kakanni, sassaƙe da saiwa a rana ake shanya su, kuma rana ƙarfi take ƙara musu, balle abin da ke rufe ruf cikin kwalba, ta ina zafi zai shiga? Ta roƙe shi ko ya ba ta su ta binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Ya tambaye ta yaushe ta zama likita, ya kulle ƙofar baya ya jefa makulli a aljihu. Ta kai kuka wurin Inna, Inna ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta rubuta wasiƙa Ikko. Amsa ta zo da turmin atamfa da shafi biyu na kalaman ƙauna, maganar allura kuwa layi ɗaya ne a ƙarshe, wai in ya zo zai duba.

Akwai maƙwabciyarta Naomi, 'yar Gbagyi, matar Andrawus direban gingimari. Wata rana Naomi ta shigo da doya a kafaɗa, suna cikin hira ta ce 'yan'uwanta na ƙauye sun fara sharar gona, hankalinta a kwance yake tun da allurar Likita na nan. Huseina ta auna gidan aurenta, ta auna ran mutane. Sannan ta ce mata in abin ya taɓa wani, kada su tsaya a kemis, su wuce Kaduna kai tsaye. Naomi ta faɗa wa danginta bayan coci, danginta suka faɗa wa nasu, kafin kasuwa biyu magana ta zaga gari ta dawo kunnen Nababa da ƙari: wai matar ƙaninsa na cewa guba yake sayarwa. Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarta. Huseina ba ta damu sosai ba, ta san mai gaskiya na nan tafe, kuma shi ba sai an yi masa bayani ba.

Salmanu ya zo hutu tsakiyar damina. Ya yi ƙiba, ya yi haske, babbar rigarsa na ƙamshin turaren da ba a sayarwa a Birnin Gwari. Kwana biyu bai samu kansa ba saboda masu gaisuwa. A rana ta uku bayan la'asar Inna ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta kira kawunnansa biyu, aka kira Huseina. Nababa ya kawo gwangwani ya dire a gaban ƙaninsa.

Salmanu ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta saitin rana. Daga inda Huseina take zaune ma tana hango garin da ke yawo a ciki. Ta dubi fuskar mijinta, ta ga ya gani. Ya ajiye, ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku, kamar mai fatan wata za ta fito daban.

Inna ta ce, "To, kai ka karanta. Faɗa mana a gaban kawunnanka. Yayanka ne mai kashe mutane, ko matarka ce maƙaryaciya?"

Ya dubi Nababa, wanda ke zaune da faso a ƙafa da kanta a tafin hannu. Ya dubi uwarsa. Matarsa ce kaɗai bai duba ba.

"Lafiyarsu ƙalau," in ji shi.

Huseina ba ta san lokacin da aka watse ba, ta dai tsinci kanta a ɗaki, shi kuma tsaye a bakin ƙofa ya kasa shigowa sosai.

"Malam, ka gani fa."

"Na gani."

"To don me?"

"Ki fahimce ni, Huseina. Mutumin nan saboda ni ya rasa komai. In tozarta shi a gaban Inna da kawunnai? Da na isa Kaduna zan yi oda, a kawo sababbi a musanya a ɓoye. Babu wanda zai ji kunya."

"Ni fa?"

Ya kau da kai. Ta ce to ya fasa kwalaben yanzu, ya ce makulli na wurin Yaya, kuma fasa su daidai yake da ƙaryata kansa. Ta ce masa, cikin kuka amma ba da ɗaga murya ba, duk wanda ya sake tambayarta abin da ta faɗa wa Naomi shi za ta faɗa masa.

Inna kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta ce sai Huseina ta bi gida-gida ta ce ƙarya ta yi, ko kuma ta bar mata gida. Huseina ta durƙusa ta ce za ta ba Yaya haƙuri sau ɗari in ana so, za ta yi kowane irin horo, amma ba za ta ce wa mutane su amince da allurar nan ba. Inna ta kira ɗanta ta rantse in yarinyar nan ta ƙara kwana uku a gidan sai ta ɗaga masa nono. Duk wanda ya san wannan kalma a bakin uwa ya san babu ɗan da ke tsayawa ya ji ƙarshenta. Salmanu ya zaro takarda mai tambarin majalisa, ya rubuta saki ɗaya. Ya miƙa mata yana hawaye, yana cewa na ɗan lokaci ne, Inna na hucewa zai mai da ita tun kafin idda ta cika. Ta karɓa da hannu biyu. Har ga Allah tana sonsa a wannan lokacin kamar ranar farko, kuma wannan shi ya fi komai ciwo.

Andrawus ne ya kai ta Kuyello da akwatinta, ya ƙi karɓar komai. Malam Abarshi bai yi mata faɗa ba. Ya saurare ta har ta gama, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "'Yata, shi ne fa ya karanta abin nan. Wataƙila idonki ne ya gane miki ba daidai ba." Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Yayanta Abdulsalam kuwa bai ɓoye ba, ya ce ta yi wa kanta sakiyar da babu ruwa, ta rabu da gidan daraja saboda taurin kai da ɗan karatun elementare. Matan unguwa suka sa mata suna Likitar Kuyello, suna faɗa suna ƙyafta ido.

Damina ta wuce. Wasiƙa ɗaya ta zo daga Ikko, Salmanu ya ce ya tsaya a kamfanin da ke kawo allurar, sun ce ta ƙare sai jirgin ruwa ya iso, ya bar sallahu. Sauran duk labarin zaman majalisa ne da yadda yake kewarta. Ta riƙa kasa kunne duk ranar kasuwa ko za ta ji ƙugin landiroba. Idda ta cika babu shi babu manzonsa. Ranar ta wanke kanta, ta ninke atamfar da ya aiko ta sa a ƙasan akwati, ta fita ta taya matan gida sussuka.

Ana tsakiyar yankan dawa, wata safiya aka ji salati daga gonar Malam Abarshi da ke bakin daji. Ya sa hannu zai ɗaga kara, igiyar ƙasa ta taɓa shi a yatsa. Masu aiki suka kashe ta, kububuwa ce. Allah Ya sa ranar kasuwa ce, motar Andrawus na gari. Aka ɗaure hannun, aka shimfiɗa tsohon a kan buhunan masara, Abdulsalam da Huseina suka hau tare da shi. Hanya ce ta ƙasa mai ramuka, ba su shiga Birnin Gwari ba sai da azahar ta gota, hannun ya kumbura har gwiwa. Suna zuwa saitin kemis Abdulsalam ya buga jikin mota ya ce a tsaya.

Huseina ta riƙe rigarsa. "Yaya, don girman Allah mu wuce Kaduna."

Andrawus ya leƙo ya ce yana da isasshen mai, in aka tashi yanzu zai kai su kafin magariba. Abdulsalam ya ce ga magani a gabansu, wane mahaukaci ne zai ƙara jijjiga tsoho mil saba'in saboda gardamar mace? Mutane suka fara taruwa. Ta sauko ta durƙusa a ƙasa a gaban yayanta, a tsakiyar titi, a garin da aka sake ta, tana roƙo. Sai aka ji muryar tsohon daga saman buhuna.

"Huseina, tashi. Salmanu bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ku sauke ni."

Aka sauke shi. Nababa ya fito da rawar jiki, da zuciya ɗaya yake son ya taimaka, yana kuma son gari ya shaida. Ya sha kallon yadda ƙaninsa ke yi, ya zuƙe kwalba biyu ya yi masa. Aka kwantar da Malam Abarshi a zaure, Nababa ya buɗe firij ya kawo masa ruwa mai sanyi, tsohon ya sha ya sa albarka. Andrawus ya jima tsaye yana murza hularsa, daga baya ya ja motarsa, don kayan mutane ne a kai.

Washegari dasashin tsohon ya fara jini. Nababa ya ƙara biyu. Zuwa la'asar har tsohuwar tsagar da ke fuskarsa tana tsattsafo da jini, ya ƙara biyun da suka rage. Abdulsalam ya shiga neman mota, landirobar jam'iyya kuwa ta tafi rangadi. Sai a rana ta uku da safe Andrawus ya dawo, ya juye kayansa a bakin titi ya ɗauke su. Huseina ta ɗora kan mahaifinta a cinyarta tana goge masa baki da gefen mayafi. Ya buɗe ido sau ɗaya ya dube ta, leɓɓansa suka motsa, amma ƙarar mota ta hana ta jin komai, in ma ya ce wani abu. Suna tsakiyar daji, rana ba ta kai tsaka ba, ta ji ya yi nauyi. Ta ce wa yayanta ya gaya wa direba ya juya.

Da mutuwar ta tsaya a mutuwa, da da sauƙi. Masu hankali suka ce kwana ne ya ƙare. Sauran kuwa suka ce bakin Huseina ne ya kama, ita ta yi ta aibata magani har ta karya shi, ta ja wa ubanta. Inna Asibi na cikin masu faɗin haka. Abdulsalam ya daina cin abincin da ta dafa. Daga Ikko waya aka bugo ta ta'aziyya, wato telegiram, layi biyu. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, Salmanu bai zo ba. Huseina ta daina kare kanta a gaban kowa. Ta rame, ta yi baƙi, in ta idar da salla sai ta zauna a kan buzu ta rasa ma abin da za ta roƙa, sai dai ta ce Allah Kai ne shaida. Naomi kaɗai ke biyo motar mijinta ran kasuwa ta zauna kusa da ita.

Ranar sadakar arba'in, maza suka cika ƙofar gida, mata na ciki suna rabon waina. Huseina na bayan zana tana jera faifai sai ta ji ƙugin landiroba. Ta leƙa ta kafar zana. Shi ne, da Nababa, da sakataren jam'iyya, da 'yan rakiya. Babbar rigar ta yi masa yawa. Aka yi addu'a aka shafa, mutane suka fara neman takalma, sai Salmanu ya ce wa liman yana neman izinin magana. Ya sauka daga kan darduma da aka shimfiɗa masa, ya durƙusa a ƙasa.

"Jama'a, ni na kashe Malam, ba maciji kaɗai ba. Ranar da aka miƙo mini allurar nan na ɗaga ta na ga ta mutu. Na gani da idona, na ce lafiyarta ƙalau, don ina jin kunyar yayana da mahaifiyata. Yaya bai sani ba, ni na sani."

Sakatare ya jawo gefen rigarsa yana raɗa masa wani abu, ya fizge.

"Na ce zan musanya a ɓoye, na tafi na shagala. Takardar da ke cewa sabuwar allura ta iso, rana ɗaya ta same ni da labarin rasuwar. Huseina ce ta faɗi gaskiya tun farko, ita kaɗai. Na ƙaryata ta, na sake ta, mahaifinta ya yarda da ni ya bar maganar 'yarsa. Duk abin da kuka ga ya dace ku yi mini, ku yi."

Nababa ne ya fara fashewa da kuka, ƙato da shi, yana cewa shi ruwan sanyi kawai ya so ba baƙi. Abdulsalam ya miƙe, kowa ya ɗauka kan Salmanu zai yi, har wasu sun yunƙura su tare. Sai ya juya ya shige gida, ya tarar da ƙanwarsa zaune a ƙasa faifai ya kife a gabanta. Ya tsuguna ya ce, "Ni na ce a sauke shi." Ta ce masa ta yafe, sannan ta yi kukan da ta kwana arba'in tana haɗiyewa.

Salmanu ya aiko liman neman a mai da aure, ta ce a gaya masa ba yanzu ba. Bayan 'yan makonni soja suka karɓi mulki aka rufe majalisa, amma a Birnin Gwari babu wanda ya je yi masa jaje, don kujerarsa ta riga ta faɗi tun a ƙofar gidan Malam Abarshi. Asibitin da ya yi alkawari ko tubali ɗaya ba a aza ba. Ya karɓi makulli daga hannun yayansa a gaban Inna, ya koma bayan kanta, ya yi watanni yana korar ƙuda, domin mutane sun gwammace su yi doguwar tafiya da su sha abin da ya haɗa. Bai yi ƙorafi ba. Duk ranar kasuwar Kuyello yakan je ya gai da Abdulsalam, ya zauna a ƙofar gida har la'asar, ya koma ba tare da ya ga ko inuwarta ba. Da damina ta zagayo Inna Asibi da kanta ta hau gingimari, da tsufanta da ciwon ƙafarta, ta zo ta zauna a ɗakin Huseina ta nemi gafara.

Sai da shekara ta cika sannan Huseina ta yarda. Aka ɗaura sabon aure ba kiɗa ba guɗa. Ranar da ta tare, ya fara jero mata alkawura, ta tsai da shi.

"Na yafe maka, Malam, don ina sonka, kuma don ka faɗa da bakinka lokacin da shiru zai fi maka riba. Amma kada ka roƙe ni in manta."

Da labari ya bazu cewa ta dawo, sai mutane suka fara dawowa kemis. Sai dai wata sabuwar al'ada ta shigo. In Salmanu ya haɗa magani ya miƙa wa mutum, mutumin kan riƙe kwalbar ya ɗan yi jim, sannan ya tambaya, "Huseina ta gani?" Shi kuma sai ya karɓa ya shiga da ita ɗakin baya ya nuna mata, ya dawo. Haka ya yi har gemunsa ya yi fari, da satifiket ɗinsa rataye a bango, bai taɓa nuna ɓacin rai ba.

Mahaƙurci mawadaci, in ji masu magana, kuma Huseina ta ga wannan da idonta: mijinta ya dawo, sunanta ya wanku, maganarta ta fi ta kowa nauyi a garin. Amma ku da ke tasowa, ku riƙe wannan. Girmama na gaba wajibi ne, sai dai kunyar da za ta sa ka ga baƙi ka ce fari ba ladabi ba ce, tsoro ne, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi zai kwana a ciki. Gaskiyar da aka jinkirta takan iso, amma ba ta tarar da kowa da kowa. Duk ƙasar Birnin Gwari ta ji cewa Huseina ba ta yi ƙarya ba, ban da mutum ɗaya da ta fi so ya ji.